Kada a Kai wa Keken Nan Wuta

Litinin, 2 ga wata

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce daga 'ya zuwa ga uba, da fatan kana lafiya, kai da Gwaggo. Yaya kunnen naka? Da yana jin waya da tuni na kira, amma na san sai in yi ta ihu har maƙwabtana su leƙo, kai kuwa kana can kana cewa "Wa ke magana?" Shi ya sa na ba Direba wannan takarda, tunda duk sati motarsa tana bi ta ƙofar shagonka.

Ni lafiya lau, aiki ya fara bin jiki. Asibitin ƙarami ne, ɗakin gwajin jini ni kaɗai ce a ciki, sai wani firji mai tari dare da rana. Abin da ya dame ni shi ne a kan tudu aka gina shi, ɗakin da na kama kuma yana can ƙasa kusa da gada. Mota ba ta fara hawa sai ƙarfe tara, ni kuwa bakwai da rabi ake son in buɗe. Don haka keken marigayi Baba shi ne ƙafata.

To ga abin da ya sa na rubuto. A tsakiyar tudun, daidai tankin ruwa, hanya tana miƙewa tsaye. Da na tura libar giya don sarƙa ta sauko daga babban faranti mai haƙora zuwa ƙarami, sai ta tsallake ƙaramin ta faɗa ciki. Feda ta tafi fayau, ni kuma in yi tangal-tangal. In sauka, in sa hannu a baƙin mai, in isa aiki da farar riga kamar wadda ta kwana a gareji. Sau uku ke nan na makara. Shugabar asibiti ni take kallo ta kalli agogo.

Na kai wa mai sayar da kayan keke a nan. Ya ce giyar gaba ce ta tsufa, wato wannan ƙarfen mai leɓe biyu da ke tura sarƙa. Ya ba ni sabuwa fil, mai ƙyalli, ba ta da nauyi ko kaɗan. Sai dai ba ta da zoben da ke rungume bututun ƙarƙashin sirdi irin na tsohuwar. Wai irinta a jikin wani ɗan kunnen ƙarfe da ke manne da bututun ake ɗaure ta, keken Baba kuma ba shi da kunne. Akwai mai walda a gefen shagon, ya ce aikin minti goma ne, zai ɗana masa kunne ya shafe da fenti, ba wanda zai gane.

Ban yarda ba tukuna. Kai ka haɗa keken nan, kai ka riƙe shi shekara biyu bayan rasuwar Baba kafin ka damƙa mini. Me ka gani?

A gaida Gwaggo, a ce mata man zafin da ta ba ni ya yi rana.

'Yarka,
Auta

*

Juma'a, 6 ga wata

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya, alhamdu lillahi. Kunne yana nan yadda kika bar shi, abin da ya ga dama yake ji. Gwaggonki ta ce in gaya miki ki riƙa cin abinci, wai ta ga rama a cikin rubutunki.

Yanzu ki buɗe ido ki karanta. Kada a kai wa keken nan wuta. Na sake faɗa, kada a kai masa wuta. Wannan bututu da mai waldarki yake wa kallon ƙarfen ƙofa, kaurin ƙarfensa a tsakiya bai fi na farcenki ba. Ki ɗan ƙwanƙwasa shi da zobe ki ji yadda yake amsawa. Irin waɗannan kekuna ba da walda ake haɗa su ba. Bututu ake zurawa cikin kwaf, wato mahaɗin da ke riƙe bakinsa, a bi shi da narkakkiyar tagulla a kan wuta mai sanyi, da haƙuri. Wanda ya saba da tagogi da ƙafar gado, kafin ya ƙifta ido ya huda shi. Shekara arba'in da ɗaya ina wannan sana'a, na ga kekunan da aka kashe ta wannan hanya sun fi yatsuna yawa.

Ita kuma sabuwar giyar, ki mayar masa da abarsa. Bakinta tsukakke ne, don siririyar sarƙar kekunan yanzu aka yi ta. Taki sarƙar mai kauri ce, za ta yi ta goga leɓe har ki tsani kanki. Mai kaya kayansa yake son sayarwa, ba laifinsa ba ne.

Giyar da ke jiki ba ta tsufa ba. Ta kai babanki ƙasashen da ni ban taɓa takawa ba. Laifin yana ƙafarki, 'yar nan. Libar wannan keke ba ta yin ƙas-ƙas ta tsaya da kanta irin ta zamani, hannu ne yake ji. Kuma ba a canza giyar gaba a tsakiyar tudu ana danna feda da dukkan ƙarfi. Sarƙar da ta ɗaure tamau ba ta jin lallashi. Tun kina ganin tankin daga nesa za ki canza. Ki sassauta ƙafa, feda tana juyawa amma ba nauyi, kamar mai taka tabarmar surukai. Ki tura liba a hankali, ki ji sarƙa ta zauna, sannan ki ɗan dawo da libar kaɗan har kukan gogar ya ɗauke. Daga nan sai ki danna.

Ki kuma duba tsakanin leɓen waje da haƙoran babban faranti, kada ratar ta wuce kaurin tsinken ashana. Akwai ƙananan kusoshi biyu a saman giyar. Ta kusa da bututu ita ke hana sarƙa faɗawa ciki, ki ƙara mata rabin juyi.

Babanki wata uku ya yi yana zubar da sarƙa kafin hannunsa ya faɗa, ina yi masa dariya. Sauri ya haifi nawa. In kuwa kin ga keken ya fi ƙarfinki, ki ɗora shi a motar Direba ya dawo gida.

Baffanki

*

Laraba, 18 ga wata

Baffa,

Ina gaisuwa. Da fatan kuna lafiya. Ni ma da sauƙi, sai gwiwa da ta kumbura.

Duk abin da ka ce na yi. Na sa tsinken ashana, na juya kusa rabin juyi. Kwana goma ina canzawa tun kafin tanki, ina sassauta ƙafa har mutane suna wuce ni a ƙasa suna yi min sannu. Wata rana ta zauna, wata rana ta ƙi. In ma ta zauna a ƙaramin faranti, sai in ji tana jan gindin giyar, ƙurrr, har saman tudu. Shekaranjiya kuwa ta faɗa ciki ta cije tsakanin faranti da bututu, feda ta ƙame, na zube a gaban wata motar yashi. Allah ne ya tsare, direban ya taka birki har ƙaurin taya ya tashi. Na isa aiki ƙarfe takwas da rabi da jini a wando, na tarar da mutum goma sha ɗaya a kan benci, wasu tun asuba ba su karya ba saboda gwaji. Shugaba ta miƙo mini takardar gargaɗi. Ta ce ta biyu ita ce ta ƙarshe.

Mai kayan keke ya durƙusa ya ƙirga haƙoran a gabana. Babba hamsin da biyu, ƙarami talatin da biyu. Ya ce tsohuwar giya ba za ta taɓa iya wannan rata ba ko mala'ika ne ke tuƙi. Kai ka ce ƙafata ce. Wa zan gaskata?

Sannan layin ƙarshe na takardarka, Baffa, na karanta shi ya fi sau ashirin. Wai in keken ya fi ƙarfina in mayar da shi gida. Wane gidan? Ban manta ranar da na zo karɓarsa ba. Sau uku kana cewa in dawo gobe, kana ta goge shi da tsumma, ka ƙi haɗa ido da ni. Yayyena maza ba wanda ya ko tambayi inda yake, ni ce na taso a kan sandarsa Baba yana tuƙa ni makaranta. Tun ranar na san kana ganin bai dace da ni ba. To ka fito fili ka ce kana son abinka. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Kakanka da kakan Baba ne 'yan ɗaki ɗaya, amma ban taɓa yi maka kallon na nesa ba sai da na karanta wannan layi.

Keken ubana ne, aikin kuma nawa ne, ba zan rasa ɗaya don in adana ɗaya a jikin bango ba. Mai walda ya ce tsoron tsofaffi ne kawai, ya ce zai rage wuta. Zan jira amsarka har Asabar ta sama, 28 ga wata. In ba wata dabara ban da "ki sassauta ƙafa," zan kai masa.

Auta

*

Alhamis, 26 ga wata

Auta, 'yata,

Sallama da gaisuwa a gurguje. Yau da hantsi takardarki ta iso. Motar Direba ta lalace a hanya, kwana takwas takardar tana aljihunsa. Yaya gwiwar? Gwaggonki tun da na karanta mata zancen motar yashi ba ta zauna ba. Ta yi ta kiran wayarki, ta ƙi shiga.

Laifi tudu ne, na taka nawa na hango naki. Mai kayan keke ya fi ni gaskiya. Ki saurara in faɗa miki abin da ya kamata in faɗa tun a takardar farko.

Ƙaramin farantin da babanki ya yi tuƙi da shi haƙori arba'in da biyu ne. Ni na cire shi. Kwana ukun nan da nake ce miki ki dawo gobe, ba rowa nake ba, faranti nake nema. Na ji an tura ki ƙasar tuddai, na dubi ƙafafunki na tuna nasa, na ce yarinyar nan za ta wahala. Sai na sa miki mai talatin da biyu don hawa ya yi miki sauƙi. Ban gaya miki ba don na san halinki, cewa za ki yi na raina ki. Na ɗaga keken a shago na juya feda da hannu, ya canza sumul sau hamsin. Amma shago ba tudu ba ne, hannu kuma ba ƙafa ba ne. Giyar babanki gajeren baki gare ta, ratar haƙori goma aka yi ta dominta, ni na ɗora mata ashirin. Daga sama sarƙa take faɗowa, dole ta zarce. Da takardarki ta farko ta zo, zuciyata ta raya mini haka, girman kai ya ce a'a, aikinka ba ya kuskure. Na ɗora wa ƙafarki. Allah ya yafe mini, ke ma ki yafe.

Zancen ya dawo gida kuwa, wallahi nufina in gyara miki da hannuna in mayar. Ni da ko tsallaka sandar keke sai na dafa bango, me zan yi da shi? In na ƙi haɗa ido da ke ranar, kamar da kike yi da babanki ce ta hana ni.

Ga ƙunshi nan tare da takardar. Akwai giya mai dogon baki, tsohuwar ajiya ce, zamaninsu ɗaya da keken, da zobenta daidai kaurin bututun. Sufana kawai take so, ba ruwanta da wuta. Ita za ta ɗauki ratar ashirin ba gardama. Kada a matse zoben da ƙarfi, da ya kama a tsaya. Na haɗa da farantin babanki, ko za ki fi son ki mayar da shi yadda yake.

Na roƙi Direba ya tashi gobe da sassafe. Ya ce sai ya ga yadda injin ya kwana. Don girman Allah, in wannan ta riske ki kafin Asabar, ki tsaya. In ma ba ta riske ki ba, ina roƙon Allah ya sa mai waldar ya tafi unguwa.

Baffanki

*

Lahadi, 13 ga sabon wata

Auta,

Muna gaishe ki. Muna lafiya.

Direba ya rantse ya damƙa ƙunshin a hannun mai gadin asibitinku. Na tambaye shi wace rana, ya ce Asabar ce ko Litinin, ya manta. Na kusa jifansa da sufana.

Sau biyu ke nan motarsa tana wucewa ba takarda. Duk ranar zuwansa a bakin titi nake yini, aiki ya taru, masu kekuna suna ta mita. Jiya na ɗaura wa wani taya a baibai, abin da ban yi ba tun ina koyo. Gwaggonki ta kira wayarki sau huɗu, tana shiga ba a ɗauka.

In fushi ne, na cancanta, ki ci gaba da yi. Amma ki rubuto kalma ɗaya tak. An kai masa wuta ko ba a kai ba?

Baffanki

*

Talata, 22 ga wata

Baffa,

Ina gaishe ka, ina gaida Gwaggo. A ba ta haƙuri, ina ganin kiranta, kunya ce ta hana ni ɗauka. Gwiwa ta warke.

An kai.

Ranar Litinin ƙunshinka ya zo. Ni kuwa Asabar na jira har azahar a bakin gada ina duban kowace mota. Da na ga shiru sai na ce ashe gaskiyata ce, ba ka da abin faɗa. Na tura keken zuwa shagon da zuciya a wuya.

Ya kankare shuɗin fentin da takardar yashi, daidai wurin da ya fi kyau. Ya ɗora kunnen, ya ce in juya baya saboda idona. Na ji ƙara sau ɗaya, 'yar gajeruwa. Sai na ji shiru. Sai ya ce, "Kai! Wannan ai gwangwani ne." Na juyo na ga rami, ɗan yatsana zai shiga. Na ce ya tsaya, ya ce a'a, yanzu zai cike shi. Baffa, ina tsaye ina kallo. Duk inda ya taɓa sai ƙarfen ya gudu ya bar shi. Kafin in fizge keken ramin ya ci rabin bututun, gefensa ya yi baƙi ya tattare. Da na dafa sirdi sai na ji ya lotsa.

Ban hau ba. A kafaɗa na ɗauko shi har ɗaki, mutane suna tambayata ko haɗari na yi.

Ranar Litinin mai gadi ya miƙo mini ƙunshin. Na buɗe a ɗakin gwaji, na ga giyar a naɗe cikin tsumma mai mai, na ga farantin Baba da haƙoransa da suka ciye ta gefe ɗaya. Na karanta takardarka a tsaye. Na kulle ƙofa na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka fita da gawar Baba.

Na yi sati uku ina rubuta maka takarda ina yagawa. Wata duk zagin kaina ce, wata duk laifinka ce. Gaskiyar ita ce duka biyun suna nan. Da ka gaya mini zancen farantin tun farko, da ba a kai nan ba. Ni kuma da na ji maganarka guda ɗaya, wadda ka faɗa har sau biyu, da yanzu keken yana da rai. Ka ce kada a kai masa wuta, na kai shi da ƙafata don in nuna maka nawa ne.

Yanzu ƙarfe shida nake fita in hau tudun a ƙasa, ban sake makara ba. Keken yana jingine a bayan ƙofa, na rufe wurin da ɗankwali don ba na iya kallo. Mai kayan keke ya ce a cire tayoyi da birki a sayar, sauran a ba masu gwangwan.

Ban san me nake roƙo ba. Ka tambaya ne, na ba ka amsa.

Auta

*

Asabar, 26 ga wata

'Yata Auta,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah da gwiwa ta warke. Gwaggonki ta ce in kika sake ƙin ɗaukar wayarta, da kanta za ta hau motar Direba ta zo ta ja miki kunne.

Na karanta. Na rufe shago na zauna a ciki har la'asar. Ba zan ce miki ban ji zafi ba, na ji har cikin ƙashina. Amma ba zan yi miki faɗa ba. Mai walda ya riƙe wutar, ke kika tura keken, ni kuwa na share muku hanya tun daga shagona.

Kada ki bari mai gwangwan ya ko shinshina shi. Bututu ɗaya ne ya mutu, kwaf na sama da na ƙasa suna nan lafiya in dai wutar ba ta kai gare su ba, kuma yadda kika kwatanta ba ta kai ba. Ana gasa kwaf a hankali har tagullar ta saki, a zare mataccen, a zura wani. Aikin kwana huɗu ne, na yi shi sau biyu a rayuwata. Wahalar ita ce samun bututun, don an daina yin irinsa tun kafin a haife ki. Na aika wurin mutum uku, duk sun yi mini dariya.

To akwai guda ɗaya. Nawa keken, wanda ke rataye a ƙarƙashin rufin shago. Rana ɗaya muka saye su ni da babanki, daga kwali ɗaya, ƙarfe ɗaya. Nawa ya fi nasa tsawo da yatsu uku, don haka ko an yanke daga bakin kwaf zuwa bakin kwaf zai isa har da saura. Duk Juma'a nake sauke shi in goge in sa masa mai, ina ce wa kaina wata rana gwiwa za ta saki in zaga gari. Shekara shida ke nan ina wannan ƙarya.

Ki cire tayoyin, ki naɗe sauran da bargo, ki ba Direba ranar Talata. Ki haɗo da giyar da na aiko. Wannan karon ki rubuto mini wane faranti kike so, na babanki ko mai talatin da biyu, abin da kika ce shi zan sa.

Na san ki, yanzu kin fara neman biro don ki ce in bar nawa. Kada ki ɓata takardarki. Jiya bayan la'asar na sa masa zarto.

Baffanki